KWALLIYAR 'YAR TSANA: WA KE BIYAN KUƊIN SABULU?

Yau alƙalamina ya faɗa kan wata sana'a da wasunku za su ji ta kamar wasa, wato sana'ar sayen 'yar tsana a sake mata kama, a yi mata ɗinki da kitso, sannan a sayar da ita da riba. To ba wasa ba ce, domin kuwa duk inda kuɗi suka shiga, halal da haram sun shiga.

Mu nan ƙasar Bodinga da Shagari ba baƙin 'yar tsana ba ne. Iyayenmu da kara suka yi tasu, wasu da ƙashi ko laka, a ɗaura mata ƙyallen atamfa, a goya ta, har a yi mata biki da suna. Ba a sayen ta, ba a sayar da ita. A jikinta yarinya take koyon goyo da raino. Amma ta zamani daban take, kamfani ke yin ta, kuma tana da suna da farashi.

Wadda ta fi shahara ita ce Barbie, da kamfanin Mattel na Amurka ya fitar a 1959, ana sayar da ita dala 3. Yau irin ta farkon nan, idan ba a taɓa ta ba, dubban daloli ake zuba mata. Kin san masu saye? Ba yara ba ne, manya ne masu tara su a kabet kamar yadda muke jeren kwalla da tangaran. Daga nan wasu masu fasaha suka samu hanyar abinci. Sai su sayi 'yar tsanar, su goge fuskar da kamfani ya zana da ruwan goge jan farce, su zana sabuwa, su tsige gashin su dasa wani, su yi mata sutura, su sayar a kan ninkin abin da suka saya.

Mu ma a Nijeriya ba a bar mu a baya ba. A 2007 wani ɗan Legas, Taofick Okoya, ya fito da nasa masu suna Queens of Africa, baƙaƙe, cikin tufafinmu, har da Bahaushiya mai suna Azeezah. A China ake ƙero sassan jikinsu, a nan gida ake haɗa su a yi musu ɗinki. Sannan a ƙarshen 2015 wata baiwar Allah 'yar Ilori, Haneefah Adam, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana nunawa a Instagram da sunan Hijarbie. Duniya ta ɗauka. A 2017 shi kansa Mattel ya sanar da tasa mai hijabi, a siffar Ibtihaj Muhammad, Musulmar nan 'yar wasan takobi ta Amurka.

Ni dai a nawa ganin waɗannan biyun sun cancanci yabo, kuma dalilina guda ne: ba su ɓoye komai ba. Haneefah ba ta ce ita ta ƙera Barbie ba, ta ce ga 'yar tsanar wasu, ga ɗinkina. Okoya kuwa sunansa ya sa wa kayansa, bai raɓu da sunan kowa ba. Sai dai ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Hijabi ya rufe gashin Barbie, amma bai canza wannan ƙugun nata mai kamar na zanzaro ba. Su ma na Legas ɗin sirara ne kamar sillen kara. Yarinyar da ta tashi tana kallon wannan a matsayin kyau, yaya za ta ɗauki jikin da Allah Ya ba ta? Ashe kenan mai yi wa 'yar tsana kwalliya ba tufafi kaɗai take sayarwa ba, har da tarbiyya.

To yanzu mu dawo kanki, ke da kike da keken ɗinki a ɗaki, kina ganin 'yan tsanan gwanjo a kasuwar Sakkwato kina raya wa ranki ki gwada. Ban ce kar ki yi ba. Abin da kika saya da kuɗinki naki ne, ɗinkinki kuwa guminki ne, kuma ba a hana mutum cin guminsa ba. Ƙyallen leshi da shadda da tela zai zubar, ke kin mayar da shi kuɗi, madalla. Amma ki sani ribarki tana halatta ne gwargwadon aikin da kika ƙara da gaskiyar da kika faɗa. Ga wurare huɗu da ƙafa take zamewa.

Na farko, ɓoye aibi. 'Yar tsanar gwanjo ce, ƙafarta ta karye kin liƙe da gam, kin rufe da doguwar riga, kin sa ta a leda kin ce sabuwa dal. Wannan ba kwalliya ba ce, algus ne. Mun sani a hadisin Muslim, Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali sama a bushe, ya tuhume shi don bai fito da jiƙaƙƙen sama mutane su gani ba, kuma ya nisanta kansa da mai ha'inci. Rigar da kika rufe karaya da ita, ita ce busasshen hatsin nan na sama. Mi zai rage ki idan kika ce, "Hajiya, ta gwanjo ce, na gyara mata ƙafa, ga kuɗinta kaza"?

Na biyu, satar suna. Kasuwa cike take da jabu masu kama da Barbie. Ki sayo jabu da araha, ki gyara ta, ki sa a kwalin kamfani ki ce ta asali ce, kin cuci mai saye, kin kuma ci da sunan da ba naki ba. Haka kuma idan kika kwafi ɗinkin wata 'yar uwarki kika ce naki ne. Ki sa wa kayanki sunanki mana! In aikinki na da kyau, shi zai kira miki masu saye.

Na uku, kuma wallahi shi ya fi tayar min da hankali, lafiyar yaro. Masu wannan aiki a Turai manya suke yi wa, a kabet ake ajiyewa. Ke kuwa taki hannun yarinya 'yar shekara 2 za ta faɗa, kuma kin san komai baki take kaiwa. Wane irin fenti kika shafa? Duwatsun da kika liƙa, in ɗaya ya ɓalle ya maƙale mata a wuya fa? A 2007 shi kansa Mattel da girmansa sai da ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, saboda dalma a fenti da ƙananan maganaɗisu da yara ke iya haɗiyewa. Mu kuwa ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, domin a 2010 maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara sama da 400 ta dalilinta, a wuraren haƙar zinare. Don haka ki bar fentin da ba ki san asalinsa ba, ki yi ado da zare da allura, ki kuma gaya wa uwa shekarun yaron da abin ya dace da shi.

Na huɗu, wa kike yi wa? Malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun yi rangwame kan 'yar tsanar yara mata, saboda Nana A'isha (RA) ta yi wasa da nata a gidan Annabi bai hana ta ba, kuma saboda tana koya musu raino. Amma cikakken mutum-mutumi da babba zai girke a ɗaki don ado, wannan sun tsananta a kansa. Kin ga kenan ba ɗaya ba ne, wadda za a goya da wadda za a jera. Haka nan idan masu jari suka wawashe na arha kaf suka ninka kuɗinsu don masu hali, ɗiyar talaka da aka yi abin dominta sai dai ta leƙa ta wuce.

Wata za ta ce, "Haba Anti, a kan 'yar tsana duk wannan dogon wa'azi?" To ai daga ƙaramin abu ake gane hali. Wadda ta iya rufe karayar 'yar tsana, gobe in ta zama dillaliya za ta rufe ɓular tukunya da ƙunar atamfa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Sifawa nan kusa da mu kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi. Sanin hukuncin saye da sayarwa yana cikin ilimin da ba a ɗauke wa mace ba, ko da kuwa a tsakar gida take kasuwancinta.

Saboda haka 'yar uwa, ki yi sana'arki, ki yi wa 'yar tsanarki zani da kallabi irin namu, ki yi mata kitson shuku ko zanen yawo, ki sa kuɗin wahalarki ba tare da jin kunya ba. Amma kafin ki karɓi kuɗin, ki tambayi kanki: da mai saye za ta ɗaga rigar nan ta ga abin da ke ƙasa, za ta biya? In za ta biya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In ba za ta biya ba, to bashi kika ɗauka, kuma akwai ranar biya.

Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya sa mata albarka, Ya raya mana zuri'a. Amin.