Fedar Farko: Nazari kan Al'adar Haɗa Allon Jita

Wanda ya tsura wa makaɗin jitar lantarki ido a kan dandali zai ga ƙafarsa ma tana kiɗa. A gabansa akwai ɗan allo da aka jera wa ƙananan akwatunan ƙarfe, wani kore, wani ruwan lemo, wani fari, kowanne da wurin takawa. Su ake kira feda. Sautin jita yana ratsa su kafin ya isa amfilifaya, kowacce ta yi masa aikinta: wannan ta sa masa kaushi, waccan ta mayar masa da amsa-kuwwa, wata ta buɗe shi kamar ana kaɗawa a babban zaure. Haɗa wannan allo ya zama al'ada mai ƙa'idojinta, har ɗan koyo yakan iske an tsara masa jerin abin da zai saya tun kunnensa bai san abin da yake nema ba. A ganina rabin jerin gaskiya ne, rabin kuma gado ne daga wani irin kiɗa da ba lallai shi yaron yake son yi ba.

Asalin abin kansa daga matsala ya fito. A birnin Nashville na Amurka, ana ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, sai layi ɗaya na na'urar ɗaukar sauti ya lalace, jitar Grady Martin ta fito da wani irin gurnani. Aka bar shi a faifan, jama'a suka so shi. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya nemi hanyar samar da wannan gurnani da gangan, kuma daga nan kamfanin Gibson ya fitar da Maestro Fuzz-Tone a 1962. Ba ta yi kasuwa ba sai a 1965 da Keith Richards ya taka ta a waƙar "Satisfaction". Fuzz Face ta biyo baya a Ingila a 1966 ta faɗa hannun Jimi Hendrix. Daga baya Japanawa suka karɓe kasuwar: Boss ta fara ƙananan fedojinta a 1977, ta fitar da DS-1 mai ruwan lemo a 1978, Ibanez kuma ta kawo koriyar Tube Screamer a 1979.

Yawancin waɗannan sunaye na gidan bulus da rok ne. Shi ya sa idan ɗan koyo ya tambayi me zai fara saya, amsar da ta fi zuwa ita ce Tube Screamer ko ɗaya daga cikin ɗimbin kwafinta. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne yadda ta samu sunanta. Stevie Ray Vaughan yana jona ta ne da manyan amfilifayoyin Fender masu kwalabe, waɗanda an riga an ɗaga muryarsu har sun fara karyewa. Aikinta a wurin shi ne ta rage ƙasan sauti, ta tura tsakiyarsa gaba, ta ingiza amfilifayar ta ƙarasa. Yaron da ke da ƙaramar amfilifayar koyo a ɗakinsa, yana kaɗawa ƙasa-ƙasa don kada ya tashi mutanen gida, in ya taka ta sai ya ji sautin ya tsuke ya koma ta hanci. Sai ya ɗauka fedar ce jabu, ko shi ne bai iya ba, ya fara tara kuɗin wata. Da yawa daga nan suke shiga saye da sayarwar da ba ta ƙarewa.

Inda al'adar ta yi daidai, kuma ba na jayayya ko kaɗan, shi ne fedar saiti. Ba ta ƙara wa sauti komai, don haka ba ta burge yaro, amma ita ce ta farko. Zafi da sanyi suna motsa tsirkiya, sabuwar tsirkiya tana saki, jita mai araha ba ta riƙe saiti. Kaushi kuwa ba ya rufe tsirkiyar da ta kauce, ƙara fito da ita yake yi. Irin su Boss TU-3 suna da wani amfani na biyu: da ka taka, sauti ya yanke, ka gyara saitinka ko ka cire waya ba tare da ka firgita jama'a da ƙarar lasifika ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ɗan ƙaramin abin saiti da ake maƙalawa a kan jita ya ishe shi a gida.

Batun kaushi ne ya fi bukatar tsayawa. Feda ɗaya ta wadatar, kuma yadda ake murɗa ta ya fi sunanta muhimmanci. Ɗauki DS-1: maɓallai uku ne a fuskarta, na launin sauti, na ƙarfin murya, da na yawan kaushi. Hannun ɗan koyo kullum na ukun yake kai wa ƙarshe, domin a nan kome yake yin sauƙi. Fedar tana matse sautin, bugun da ya yi rauni da wanda ya yi ƙarfi su fito daidai wa daida, yatsan da bai danna sosai ba ya ɓuya. Daɗin nan yana da tsada, don mutum zai shekara bai san hannun damansa ba ya da lissafi ba. In ya dawo da maɓallin ƙasa da rabi, ya sassauta na launi don kada ya soki kunne, sai fedar ta fara amsa hannunsa: ya taɓa a hankali ta yi laushi, ya buga ta yi gurnani. Ya kuma koyi wasa da maɓallin murya na jikin jitar, wanda yawancin 'yan koyo suke bari a ƙure kamar an manne shi. Kaushi kamar yaji yake a miya, hannun mai dafawa ake yabo.

Akwai kuma gargaɗin da ya shafi mai zama a ƙasa mai zafi. Tsohuwar Fuzz Face da masu kwaikwayonta da ake yi da taransistocin jamaniyam suna canja hali da zafi. Wadda ta yi daɗi da safe tana iya shaƙewa da rana tsaka a filin biki. Masu silikon ba su da wannan laulayi, kuma sun fi araha.

Sauraron makaɗan Agadez yana nuna inda jerin gadon ya gaza. Kiɗan jitar Abzinawa, daga Tinariwen zuwa Bombino, an gina shi ne a kan bugu mai maimaituwa da wata jita take riƙewa, ɗaya kuma tana yawo a samansa da saurin yatsu. Irin wannan salo yana son kowace ƙwayar sauti ta fito a rarrabe, kaushi mai yawa kuwa cakuɗa su yake yi. Mdou Moctar, bahagon makaɗin nan na Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya ya yaɗu. Rugugin da ake ji a Afrique Victime na 2021 ya zo ne bayan shekaru yana kiɗan bukukuwa, hannun ya riga ya nuna. Yaron da yake son wannan hanya, ko hailaif, ko kiɗan coci mai tsabtar sauti, feda ta biyu da ta dace da shi ba lallai ta kaushi ba ce. Fedar maimai, irin Ditto da TC Electronic ta fitar a 2013, tana ɗaukar bugunsa ta riƙa juya masa shi, ya samu abokin kiɗa ko da shi kaɗai ne. Ba ta kuma yi masa kara: in ya taka ta a makare da ƙiftawar ido, zai ji tuntuɓen a kowane zagaye har sai ya gyara.

Fedar amsa-kuwwa ma malamar lokaci ce, irin Boss DD-3 da ta fito a 1986. Ta faɗin zaure kuwa a duba amfilifaya tukuna, da yawa suna zuwa da ita a ciki. Na'urar da ta tara sautuka da yawa a akwati ɗaya, kamar ƙananan na Zoom, masu tsaurin ra'ayi suna raina ta, ni kuwa ina ganin amfaninta ga wanda bai san bambancin sautukan ba. Da kuɗin feda ɗaya zai ɗanɗana duka ya gane wanda yake komawa gare shi. Illarta ita ce yawo cikin shirye-shiryen da kamfani ya zuba, dare ya yi bai kaɗa waƙa ɗaya ba.

Jeri a kan allo ba shi da wuya: saiti, kaushi, amsa-kuwwa, sannan maimai a ƙarshe don ta ɗauki duk abin da ya gabace ta. In aka sa amsa-kuwwa gaban kaushi, maimaicin yana dagulewa.

Abin da al'adar ta fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne wuta da waya, alhali su ne suke kashe feda. Yawancin fedoji volt 9 suke sha, kuma tsakiyar bakin cajarsu korau ne, akasin adaftoci da yawa na kayan gida. Bakin zai shiga daidai, amma in juyayye ne ko ƙarfinsa ya wuce, yana iya ƙona fedar nan take. Ta kaushi wuta kaɗan take ci, batiri yana daɗewa a cikinta, muddin ana zare wayar shiga bayan an gama, don barinta a ciki yana shanye batirin ko ba a taka ba. Ta amsa-kuwwa mai kwamfuta a ciki tana cin ninkin-ba-ninkin haka, kuma in aka jona su a waya ɗaya sau da yawa ana jin wani siririn kuka a lasifika. Inda ake kiɗa da janareta abin yana ƙaruwa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ramukan waya da ƙarƙashin maɓallai har su fara ƙarar yashi in an murɗa. Don haka kafin feda ta uku, kuɗin ya tafi ga cajar kirki mai raba wa kowace feda layinta, gajerun wayoyi masu kyau guda biyu, da jaka mai zif da za a rufe allon a ciki.