Hedimastan da ya iya da sabon malami

A makarantun firamare na ƙauyukan Kauru, daga Damakasuwa har Geshere, hedimasta ba shi da ikon ƙara wa kowa ko sisin kwabo. Albashi yana hannun SUBEB da ƙaramar hukuma, ƙarin girma kuma sai takarda ta bi ta ofishin sakataren ilimi. Amma akwai hedimastocin da in an turo musu malami mai ɗacin rai, kafin zango ya ƙare za ka jiyo muryarsa a aji tun daga bakin hanya.

Dubi irin yaron da ake turowa. Ya gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da ke kusa da Kafanchan, ya saba da gari, sai aka jefa shi inda ko babur turawa ake yi in damina ta sauka. Ya ji labarin 2017, lokacin da gwamnatin jiha ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta sallami fiye da 21,000. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin acaba ya zama lissafin kullum. Sai ya fara makara ran Litinin, ya daina kammala shirin darasi, lokacin tara kuma ya koma gefe da wayarsa.

Raggon shugaba takardar tuhuma yake rubutawa. Gwani kuwa sai ya jira a tashi, ya fito daga bayan teburinsa, su jera a hanya.

"Malam, kwana biyu ban ga fara'arka ba. Lafiya dai gida?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya san ba lafiya ba, amma ba ya matsawa, domin ƙarami ba ya buɗe wa babba ciki a zama ɗaya. Gobe ya aika masa da ƙosai, jibi ya nemi shawararsa kan wani ɗalibi. A nan maganar ke fitowa, kuma sau da yawa ba kuɗin ne kaɗai ba. Ɗakin da yake kwana yana yoyo, ko wani tsohon malami ya gwale shi gaban yara, ko dai kaɗaici ne a garin da bai san kowa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani ke rarrabe damuwar. Wadda ta fi ƙarfinsa yakan faɗa ƙiri-ƙiri: "Ƙanena, albashi ba a hannuna yake ba, amma fayil ɗinka da ƙafata zan kai." Kuma ya kai ɗin, don alkawarin banza ɗaya ya isa ya rushe aikin zango guda. Wadda ke hannunsa kuwa ba ta kwana. Ya yi magana da mai unguwa da kwamitin makaranta a sama masa ɗaki. Ya gyara jadawali don ya samu motar gida ran Juma'a. Tunda Kauru ƙasa ce ta Musulmi da Kirista, ya raka shi ya gaisa da liman ko fasto, gari ya san da zamansa.

Tun 1959 wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna cewa gyara albashi da wurin aiki yana rage ƙorafi ne, amma son aikin daga yabo da riƙon amana yake tasowa. Hedimastan ƙauye ya san haka ba tare da littafi ba. Sai ya damƙa wa malamin 'yan aji shida ya shirya su jarrabawar shiga sakandare, ya bar shi ya tsara yadda ya ga dama. In ya yi kuskure, a ofis ake gyara masa, ƙofa a rufe. Ranar taron iyayen yara kuwa sai ya tsayar da shi ya ce, "Ga wanda ya koya wa 'ya'yanku lissafin nan."