Wanda bai karanta Terry Pratchett ba, an bar shi a baya

Jama'a, ku nemi Guards! Guards! na Terry Pratchett ku karanta! Littafin ya fito tun 1989, amma har gobe ban ga wanda ya kama ƙafarsa wajen sa mutum dariya har da riƙe ciki ba.

Duniyar da wannan Baturen Ingila ya ƙago ma abin dariya ce tun daga tushe: shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana bisa bayan giwaye huɗu, su kuma suna tsaye a kan wani ƙaton kunkuru da ke iyo a sararin samaniya. Discworld ake ce mata, kuma littattafai 41 ya rubuta a kanta, daga 1983 har rasuwarsa a 2015.

Amma birnin Ankh-Morpork shi ne magana. Shugabansa, Lord Vetinari, ya ga sata ba za ta ƙare ba, sai kawai ya halatta ƙungiyar ɓarayi. Ka biya kuɗinka na shekara, a bar ka lafiya. In an yi maka sata, a ba ka rasit. Wanda kuma ya yi sata ba lasisi, ɓarayin ne da kansu za su yi maganinsa! To me ya rage wa 'yan sintirin dare? Mutum uku ne kacal: Kyaftin Sam Vimes, wanda giya ta gama da shi, da Saja Colon matsoraci, da Kofur Nobbs, wanda ko mutum ne ma sai an tantance. Ana cikin haka sai ga Carrot, wani zankaɗeɗen saurayi da wadanni suka raina, shi kuma ya taso yana ɗaukar kansa wada duk da kansa na bugun rufin ramin da suke zaune a ciki. Ya haddace kundin dokokin birni, ya ɗauki kowace doka da gaske, ya je ya kamo shugaban ƙungiyar ɓarayi sukutum da laifin sata. Wallahi a nan na ajiye littafin don in sami damar numfashi.

Sai kuma dodo mai aman wuta ya sauka a birnin, wanda wasu 'yan ƙungiyar asiri, masu hassada da ƙaramar ƙwaƙwalwa, suka kirawo don su naɗa sarkin da za su riƙa juyawa. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Abin da ya kama ni shi ne yadda manyan gari suka yi saurin sallama wa dodon, kowa na neman hujjar da zai kare kujerarsa. Kana dariya, sai ka ji abin ya sosa maka wani wuri. Wanda ya ji daɗin rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja zai gane irin wannan barkwancin mai cizo.

Ga mai kula da laburaren jami'ar matsafa, wanda tsafi ya mayar gwaggon biri ya kuma ƙi a dawo da shi mutum, saboda hawa kantar littattafai ya fi masa sauƙi haka. Kai, Pratchett gwani ne!

Masu son labarin taurari da jiragen sama jannati kuma, Douglas Adams na jiranku da The Hitchhiker's Guide to the Galaxy na 1979, inda aka rushe duniyarmu ɗungurungum don a shimfiɗa hanya, wata kwamfuta kuma ta shafe shekara miliyan bakwai da rabi tana lissafi kafin ta ce amsar rayuwa ita ce 42. Yana da daɗi ƙwarai, amma a wurina Pratchett ya fi shi tausayin mutanen da yake yi wa dariya.

Ku fara da Guards! Guards!, sannan Men at Arms, sannan Going Postal. Ku dai kula, kada ku karanta su a cikin motar haya, don za a zaci kun zautu.