Iyakar Sauyi a Dokokin Wasa: Darasi Daga Ƙetare Game da Rubuta Dara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba wata matsala da ta shafi masu sha'awar rubuta wasanninmu na gargajiya, watau ina ne iyakar gyaran da ya halatta a yi wa dokokin wasa daga bugu zuwa bugu. Mun zaɓi dara, wadda manya ke yi a ƙofar gida da gindin itatuwa a birnin Katsina da sauran ƙasar Hausa, sa'an nan mu auna ta da abin da ya sami wani wasa a Amurka.

2.0 Dara a Rubuce

Kamar yadda aka sani, mutum biyu ke yin dara, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Sukan fara da zuba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an yarda kowa ya jera uku ba a wannan mataki. Bayan haka sai a shiga tafiya gurbi ɗaya-ɗaya, duk wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. A shekarar 1960 R. C. Bell ya bayyana dara a littafinsa na wasannin duniya, ya danganta ta ga Dakarkari. Aikin nasa abin yabo ne, amma ya bar baya da ƙura, domin masu kwafa daga gare shi sun ɗauki siga guda tamkar ita kaɗai ce dara, alhali kuwa akwai mai gurbi talatin, akwai mai arba'in da biyu. Yanzu da ake son shigar da ita makaranta da wayar hannu, kowane mai rubutu zai so ya yi nasa gyaran.

3.0 Abin da Ya Faru a Amurka

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, wasan da 'yan wasa ke zama kewaye da tebur, kowa ya hau matsayin wani jarumi, ɗaya kuma ya riƙa jan labarin. An sake buga dokokinsa sau da yawa. Bugu na huɗu, na 2008, ya sauya ginin wasan ƙwarai, har tsofaffin 'yan wasa da dama suka ce ba su gane abinsu ba. A 2009 wani kamfani mai suna Paizo ya fito da Pathfinder bisa tsohon tsari, jama'a da yawa suka koma can. Dara ta ci gida ke nan. Sai a bugu na biyar, na 2014, aka waiwayi tsohon salo, wasan ya sake bunƙasa.

4.0 Ma'aunin da Muke Gani

A ganinmu dokokin wasa kashi biyu ne. Akwai ginshiƙi, akwai kuma abin da wuri da zamani ke iya sauyawa. A dara, jeri uku da cin ɗa da hana jeri lokacin zubi su ne ginshiƙi. Yawan gurabe kuwa, da ko a ƙasa aka haƙa su ko a allo, da ko tsakuwa ko kara aka yi 'ya'yan da su, duk ana iya sauya su ba tare da ɓarna ba. Ma'aunin da muke ba da shawara shi ne, idan dattijon da ya iya dara tun ƙuruciya zai zauna gaban sabon bugu ya yi wasa ba sai an sake koya masa ba, to gyara ya yi kyau. In kuwa sai an mai da shi ɗalibi, an ƙago wani wasa ne, kuma adalci shi ne a raɗa masa nasa suna.

5.0 Kammalawa

Saboda haka muna kira ga malamai da za su rubuta dara don makarantu, da su fara tattara sigoginta daga bakin masu yin ta, su ambaci garin da kowace ta fito. Abin gudu shi ne yaro ya ƙware a darar littafi, ya zo gida ya kasa bugawa da kakansa.