Madarunfa ko Madarounfa? Tsokaci a kan neman bayanan nazari a intanet

1. Gabatarwa

Wannan ɗan tsokaci ya samo asali daga wata magana da muka sha ji a bakin ɗalibai masu shirya kundi: "Mushe, na duba intanet, ba a rubuta komi a kai ba." Na baya-bayan nan da ya faɗa mana haka ɗan ƙasar Madarunfa ne, mai niyyar nazarin sunayen garuruwan yankinsu. Ya yi maganar cikin karayar zuciya, kamar wanda aka ce wa ba a san da zaman garinsu ba. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa wannan karaya, da amincewar da ta haife ta, sun ginu ne bisa rashin fahimtar yadda injin bincike yake mu'amala da harshe.

2. Murnar ɗalibi, shakkun malami

Duk wanda ya yi nazari a kan jihar Maraɗi kafin zuwan intanet ya san wahalarsa: sai mutum ya tafi Yamai, ya zauna a ɗakin karatu na IRSH ko na CELHTO, ya kwafi abin da ya samu da hannu. A yau mujallu da yawa na Faransanci suna cikin ma'ajiyar Persée, ayyukan tsohuwar ORSTOM suna cikin ma'ajiyar IRD, ƙamusun Bargery na 1934 ma ana duba shi a wayar salula. Don haka murnar ɗalibai tana da hujja. Shakkun malamai, waɗanda suka gaji da karanta shafukan da aka kwaso ba tare da faɗin mai su ba, shi ma yana da tasa. To amma ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda: suna ɗaukar amsar da injin ya bayar a matsayin iyakar abin da ke akwai.

3. Suna ɗaya, rubutu iri-iri

Injin bincike yakan gyara kuskuren rubutu a Faransanci ko Ingilishi. A sunayen Hausa kuwa, galibi haruffa yake kwatantawa. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) a. Madarunfa / Madarounfa
b. Jiratawa / Djirataoua
c. Ɗan Isa / Dan Issa
d. Ƙaura Hasau / Kaoura Assao / K'aura Assao

Ɗalibinmu ya yi amfani da rubutun farko kaɗai, wato wanda muka koya masa. Alhali kuwa mafi yawan abin da aka rubuta a kan yankin yana ƙarƙashin na biyu. A 2006, lokacin da Nijar ta sa daji da tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, da rubutun Faransanci aka shigar da sunan. Haka kuma aikin Philippe David na 1967 a kan shahararren mayaƙin nan na Maraɗi yana ɗauke da K'aura Assao a kansa. Mai neman Ƙaura Hasau zai iya wuce shi bai sani ba.

Ke nan hanyoyin rubutu uku ne suka hau kan juna: na hukuma, wanda aka gada daga mulkin mallaka, na manazarta, masu sa waƙafi a madadin lanƙwasa, sai daidaitacce, wanda ya bi taron Bamako na 1966 da dokar rubutu ta Nijar ta 1999. Ko daidaitaccen ma ya rabu biyu, domin abin da muke rubutawa ƴan, a Najeriya 'yan ne, masu rubutu a waya kuma sukan bar shi yan. Idan lanƙwasa ta faɗi, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Na'urar da ke karanta tsofaffin takardu ita ma takan rikita waɗannan haruffa, ta yadda kalma tana cikin littafi amma bincike ba ya ganin ta.

4. Hausar wa ake samu?

Matsala ta biyu ta fi ta farko illa. Hausar da ta fi yawa a intanet, ta gidajen rediyo irin su BBC da RFI, ko ta Wikipedia, ko ta fassarar Google da ta karɓi Hausa a 2013, daidaitacciya ce mai tushe a Kano. Ɗalibin da ya nemi kalmomin da ya ji a kasuwar garinsu ba ya samun su sosai:

(2) a. hura (fura), hili (fili)
b. ya faɗa ma Audu (ya faɗa wa Audu)
c. lakwal (makaranta)

Daga nan sai ya fara zargin kunnensa. Mun ga kundin da mai shi ya ɗauko hira da tsofaffi, sannan ya bi ta yana "gyarawa" har ta zama Kananci. Wannan hasara ce babba ga nazarin karin harshe, domin abin da ya goge shi ne ainihin abin da aka tura shi ya kawo. Kunyar da yake ji game da Hausar gidansu ba daga harshen ta fito ba; ta fito ne daga ƙarancin masu rubuta shi yadda ake faɗin sa.

5. Kammalawa

Ba muna kira a ƙaurace wa intanet ba ne. Shawarwarinmu uku ne. Na farko, a koya wa ɗalibi ya nemi kowane suna da dukkan rubuce-rubucensa, kuma ya faɗi waɗanda ya gwada a cikin kundinsa. Na biyu, duk aikin da sashenmu zai ajiye a intanet ya ɗauki sunayen wurare da rubutun Hausa da na Faransanci tare, don na baya su same shi. Na uku, mu riƙa tuna masa cewa shirun injin ba hujja ba ne. Ɗalibin da muka ambata ya koma Madarunfa da na'urar ɗaukar magana, kuma sharaɗin da muka gindaya masa guda ne: kada ya gyara ko harafi ɗaya daga abin da dattawa suka faɗa.