Agajin da ya jira ƙuri'a: sharhi kan littafin Michael Grunwald

A shekarar 2012 ɗan jaridar Amurka Michael Grunwald ya wallafa The New New Deal, littafin da ya bi diddigin shirin farfaɗo da tattalin arziki na dala miliyar 787 wanda shugaba Obama ya sa wa hannu ranar 17 ga Fabrairu 2009. Bankin Lehman ya durƙushe tun cikin Satumba 2008, kuma a watan Janairu kaɗai mutane wajen dubu 800 suka rasa aikinsu.

Ƙarfin littafin yana inda ya tona dabarar ƴan adawa. Babu ɗan jam'iyyar Rifablikan ko guda da ya goyi bayan shirin a majalisar wakilai. A ta dattawa uku kawai suka yarda, su ma sai da aka rage kuɗin. Alhali a farkon 2008, zamanin shugaba Bush, jam'iyyun biyu sun haɗa kai suka amince da wani tallafin cikin ƴan makwanni. Marubucin ya nuna cewa ƙin ya biya buƙatarsu: rashin aiki ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoba 2009, sannan a zaɓen 2010 suka ƙaru da kujeru 63.

Rauninsa kuwa shi ne sha'awar da yake yi wa ayyukan dogon zango, kamar wutar lantarki ta hasken rana da jiragen ƙasa masu gudu. Irin wannan kuɗi a hankali yake fita, shi kuwa magidancin da aka kora daga aiki ba ya iya jiran shekara biyar. Grunwald ya taɓo wannan saɓani, amma ya yi saurin yafe wa gwamnati. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Abin da ya biyo baya ya gaskata rabin hujjarsa. A Maris 2020, lokacin annobar korona, majalisar dattawa ta amince da dala miliyar 2,200 ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba, Trump yana bisa mulki. Shekara guda bayan nan, tallafin Biden na miliyar 1,900 bai samu ko ɗan Rifablikan guda ba.

Malamin tarihi ko na tarbiyyar ɗan ƙasa zai samu tambaya mai nauyi ga ɗalibansa a nan: in jam'iyya tana cin riba da jinkirin agaji, wace doka ce za ta sa tallafi ya fita da kansa da zarar rashin aiki ya hau, ba sai an jira majalisa ba? Littafin bai zurfafa a kanta ba, amma ya share fagen yin ta.