Alice Wexler da Gwajin da Ba Ta Yi Ba

A 1968, wata mata mai suna Leonore Wexler tana tsallaka titi a Los Angeles da safe, sai wani ɗan sanda ya ga tana tangaɗi ya daka mata tsawa, wai ba ta jin kunyar buguwa da sanyin safiya. Ko ɗigon giya ba ta sha ba. Cutar Huntington ce ta fara bayyana a jikinta, cutar da ta ci mahaifinta da 'yan'uwanta maza uku. Daga wannan rana 'ya'yanta biyu, Alice da Nancy, suka shiga zaman ɗar-ɗar, domin duk wanda ɗaya daga iyayensa yake da cutar, yiwuwar ya gaje ta kashi 50 ne cikin 100.

Wannan zaman ne Alice, babbar 'yar, ta rubuta a littafinta Mapping Fate, wanda ya fito a 1995. Na karanta littattafan jinya da dama, amma kaɗan ne suka zauna mini a rai kamar wannan, kuma dalilin ba tausayi ba ne kawai. Marubuciyar masaniyar tarihi ce, wadda ta riga ta rubuta tarihin rayuwar Emma Goldman, don haka ta tunkari gidansu da kayan aikinta: wasiƙu, tsofaffin hotuna, tambayar dangi, da ƙin yarda da labari don kawai uba ne ya faɗe shi.

Cutar kanta sai an ɗan yi bayani. Likita George Huntington ne ya siffanta ta a 1872. Takan jira mutum ya kai shekara 30 zuwa 50, ya yi aure ya hayayyafa, sannan ta fara cin ƙwaƙwalwarsa a hankali. Gaɓoɓi su riƙa fizga ba da son mai su ba, hali ya canja, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Har yau ba ta da maganin warkewa. Leonore ta yi shekara goma a cikinta kafin ta rasu a 1978.

Inda alƙalamin Alice ya fi kaifi shi ne wajen sirrin gida. An rene su ba tare da an ambaci sunan cutar ba. Rasuwar kawunnansu ma wani ciwon daban aka ɗora wa. Sai tambaya ta taso mata, wadda ta bi ta har ƙarshen littafin: me mahaifiyarta ta sani, kuma yaushe ta sani? Matar nan fa ta yi karatun ilimin halittu har digiri na biyu, ba baƙuwar darasin gado ba ce. To yaya aka yi ta zauna a kan zancen cewa maza kaɗai cutar take kamawa? Alice ba ta yanke mata hukunci ba, ba ta kuma wanke ta ba. Ta ajiye shaidu ɗaya bayan ɗaya, ta bar mai karatu ya ga yadda tsoro yake sa mai ilimi ya rufe ido da gangan. Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo. Ta tuna mahaifiyarta a matsayin mace mai shiru, mai janye jiki, wadda ta bar ƙwazonta ya dushe, kuma ta daɗe tana jin haushin hakan. Daga baya ta rasa gane ko halinta ne, ko zaman auren wancan zamani ne ya danne ta, ko kuwa cutar ce ta fara aiki tun kafin kowa ya lura. Ba ta zaɓi amsa guda ba, kuma na yaba mata da hakan.

Haka ta iya kama ƙananan abubuwa. Mai jiran wannan cuta ɗan leƙen asirin jikinsa ne. Cokali ya suɓuce, gaba ya faɗi. Ƙafa ta yi tuntuɓe a matakala, ko yatsa ya motsa shi kaɗai a kan tebur, sai a kwana ana lissafi. 'Yar'uwa tana satar kallon 'yar'uwa, kowacce tana fatan kada ta ga komai. Alice ta rubuta wannan ba da kururuwa ba, cikin jimloli masu sanyi, shi ya sa yake shiga jiki.

Rabin littafin kuma labarin farauta ne. Mahaifinsu Milton Wexler, likitan tunani ne a Los Angeles, kuma ko da yake aurensa da Leonore ya riga ya mutu, bai juya baya ba. Ya kafa gidauniyar da ta zama Hereditary Disease Foundation, ya riƙa tara matasan masana a ɗaki guda yana sa su muhawara ba tare da doguwar lacca ba. Nancy kuwa tun daga 1979 ta kama zirga-zirga zuwa ƙauyukan bakin tafkin Maracaibo a Benezuwela, inda likita Américo Negrette ya riga ya gano tarin masu cutar. Ta zana jerin zuriyar dubban mutane, ta karɓi jininsu. Da wannan jinin, a 1983, ɗakin binciken James Gusella ya gano alamar cutar a kuromosom na 4. Bayan shekara goma, a 1993, aka kama ƙwayar gadon kanta: wani gungun haruffa uku, CAG, da ke maimaita kansa fiye da kima. Wanda nasa ya kai 40 ko ya wuce, cutar za ta same shi in ya yi tsawon rai.

A nan ne gizo yake saƙar. Iyalin da suka fi kowa wahala don a samu gwajin gano cutar, da ya samu, sai suka tsaya cak. Mu a nan mun saba da gwajin jini na sikila kafin aure, kuma yana da amfani a fili, domin AS da AS suna iya fasawa su tsare 'ya'yan da ba a haifa ba. Gwajin Huntington wani abu ne daban. Kai kanka yake yi wa albishir ko ya karanta maka hukunci, ba ya faɗin ranar da abin zai fara, kuma ba ya zuwa da magani. In aka ce kana da ita, ba a iya mayar da maganar. In aka ce ba ka da ita, da wane ido za ka kalli ƙanwarka? Muna cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma Alice ta nuna cewa akwai sanin da ya fi daren. Ita da Nancy ba su yi gwajin ba, kuma ta bayyana wannan a matsayin zaɓi na mai hankali, ba gudun matsoraci ba. Ba su kaɗai ba ne: tun da aka fara gwajin a 1986, mafi yawan waɗanda ke cikin haɗarin ba su je ba, duk da cewa kafin ya samu da yawa sun ce za su yi.

Littafin yana da inda ya yi nauyi. Babobin kimiyya wani lokaci suna cika da sunayen masana da tarurruka har mai karatu ya fara ɗokin a koma gida. Saɓanin da ya shiga tsakanin Milton da ƙungiyar Marjorie Guthrie, tsohuwar matar mawaƙi Woody Guthrie wanda cutar ta kashe a 1967, ya ci shafuka fiye da yadda ni dai nake buƙata, ko da yake masanin tarihi zai ce dole a rubuta. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen Maracaibo. Alice ta dube su da mutunci, ba ta ɓoye talaucinsu ba, amma muryarsu ba ta kai ta masu binciken ƙarfi ba, alhali jininsu ne ya buɗe ƙofar. Na so a zauna da mace guda daga cikinsu a ji yadda ita take auna wannan kashi 50 ɗin, ita da ba ta da asibitin zuwa balle zaɓin gwaji.

Wanda zai karanta littafin yanzu yana riƙe da labarin da marubuciyar ba ta da shi a 1995. A 2020 Nancy Wexler ta bayyana wa jaridar New York Times cewa tana ɗauke da cutar. Wannan ya ƙara wa shafukan da suka shafe ta nauyi, musamman inda take rungumar marasa lafiya a Benezuwela tana ce musu ita ma 'yar gida ce. Amma bai rushe hujjar littafin ba ko kaɗan, domin shekarun da ta yi tana wannan aiki ta yi su ne ba tare da takardar sakamako a aljihunta ba.